Kwalla da Ƙwalla

Ƙal. Ƙarar ke nan, ba ta wuce haka ba, kamar ɗan ƙaramin abu ya faɗa cikin kwano. Da ita komai ya fara, kuma ban ga ranar da za ta zo in manta da ita ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwan wannan damina.

A lokacin surukata tana takaba. Inna muke ce mata, mu da jikokinta duka. Ɗakinta yana jingine da madafina, bango ɗaya ya raba mu, da wata 'yar taga can sama. Kullum da sassafe, ina tsugune ina fifita wuta zan dama kunu, sai ƙarar nan ta ratso ta tagar. Sau ɗaya tak. Na ɗauka carbinta ne yake bugun tsohuwar kwallar da ke gefen gadonta idan ta idar da lazimi. Har daɗin jin ta nake yi. In na ji ta, sai in ce a raina, alhamdu lillahi, Inna ta tashi lafiya.

Inna ta daɗe da ciwon zuciya, tun kafin a kawo ni gidan. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, ba ta tura jini yadda ya kamata, kuma ba irin ciwon da ke warkewa ba ne, lallaɓa shi ake yi. Magungunanta kala-kala ne. Akwai wanda ke sa ta yawan kewayawa don ya rage mata ruwan jiki, akwai na hawan jini, sai kuma wata 'yar ƙwaya fara, wadda ba ta kai ƙwayar wake ba. Ita ce aka ce mana tana ƙara wa zuciyar ƙarfin bugawa. Sunanta na Turanci ya gagari kowa a gidan, don haka muka sa mata namu: maganin ƙarfin zuciya.

Wannan 'yar ƙwaya ba mai ba Inna ita sai Baba, wato surukina. Manomi ne, gonarsa tana wajen Kazage, kuma a shekarun da ake shiga daji hankali kwance yana da amyar zuma rataye a bishiyoyin ɗorawa, can inda gonaki ke ƙarewa dajin Kamuku ya fara. Da daji ya zama abin da ya zama, ya haƙura da amyarsa, amma ya ɓoye kwalba guda ta zumar da ya ɗebo a zuwansa na ƙarshe, ya ce ba ta baƙo ba ce, ba ta jika ba ce. Kowace safiya zai shigo daga masallaci, ya ɗora ƙwayar a tafin hannun Inna, ya laƙato zuma a bakin ƙaramin cokali.

"Ungo, tsohuwa, haɗiye," haka yake cewa. "Maganin ƙarfin zuciya ne. Don ranar da zan tafi kada ki cika mana gida da kuka."

"Wa ya ce maka zan yi?" in ji Inna. "Ranar ma tuwo malmala biyu zan ci."

"Allah ya sa miyar ta yi gishiri."

Ina jin su daga madafi ina murmushi. Ban san ina sauraron abin da zai kusa kai Inna kushewa ba.

Baba ya rasu a farkon damina, bayan ɗan zazzaɓi da bai ɗauki lokaci ba. Gida ya cika. Mata suna kuka a tsakar gida, har maigidana, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, sai da ya juya ya fuskanci bango. Inna kuwa tana zaune a kan tabarma, ta lulluɓa, carbi a hannu, idanunta a bushe ƙamas. Duk wadda ta shigo gaisuwa, in za ta fita sai ta tsaya ta ce, "Kai, Inna akwai ƙarfin zuciya." 'Yan'uwa daga Saminaka suka faɗa. Wata tsohuwar Bafulatana da ta yi shekara da shekaru tana kawo mana nono ta faɗa da irin Hausarta. Ni ma da bakina na faɗa, ina ganin yabo nake yi. Inna kuwa, na lura tana bin mai maganar da kallo har ta fice.

Da aka watse, ba da magani ya dawo hannuna. In na kai mata da kunu, sai ta shanye manyan a gabana, ta riƙe 'yar ƙaramar ta ce, "Je ki, 'yar nan, sai na gama lazimi." Zumar kuwa ta ce a ɗaga mata ita sama, ba ta so.

Kwanakin da suka biyo baya, in na tuna su yanzu, kamar a cikin ruwa nake ganinsu. Damina ta zauna sosai. Da an ɗauke ruwa sai tururi ya riƙa tashi daga ƙasa, iska ta kawo mana ƙanshin ɗanyen ganye daga wajen daji. Inna takan sa in shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofarta, ta jingina da bango, ta zuba ido saman katanga inda kawunan bishiyoyi ke leƙowa. 'Yata, wadda aka sa wa sunan Inna, tana da kamar shekara shida a lokacin, ba ta rabuwa da gefenta. Takwara suke ce wa juna. A nan Inna ta fara ba da labarin da ban taɓa ji ba, da wata murya ƙasa-ƙasa kamar mai magana cikin barci.

Ta ce ranar da aka kai ta gidan Baba, a ƙasa suka ratsa gefen dajin. Raɓa ta jiƙa mata zane har gwiwa. Shanun Fulani suna fitowa daga cikin farin tururin safiya ɗaya bayan ɗaya, ƙaho ne ke fara bayyana kafin jiki, kamar ba a ƙasa suke tafiya ba. Ta ce Baba ya taɓa kai ta gindin wata ɗorawa lokacin da take fure, ya ce ta sa kunne a jikin itacen. Ta sa, sai ta ji bishiyar gaba ɗaya tana gunji da ƙudan zuma, kamar mutane da yawa suna zikiri a nesa.

"Takwara, yanzu ma ina jin su," ta ce wa 'yata, ta dafa ƙirjinta. "Sun taso daga daji sun sauka a nan. Sa kunnenki ki ji."

Yarinyar ta kwantar da kai a ƙirjin kakarta, ta ɗago tana zare ido. "Umma, wallahi da gaske ne, suna kuka."

Na yi dariya. Daga baya na san abin da yarinyar ta ji. Ruwa ne ya fara taruwa a huhun Inna.

Abin bai zo da gaggawa ba, shi ya sa ya ruɗe mu. Da farko takalminta ne ya daina shiga. In ina shafa mata man kaɗe a ƙafa, sai in ga yatsana ya bar rami a idon sawunta, ramin ya ƙi cikowa. Sai tafiya daga ɗaki zuwa wurin alwala ta koma sai an huta a hanya. Sai sallah ta koma a zaune. Sai tari. Sai kwanciya ta gagara, filo ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama tudu. Kowa ya ce rashin Baba ne ke cin ta a ciki. Maigidana ya yi maganar asibiti, amma da yake shi ne ɗanta na fari, tsakaninsu akwai kunya, ko sunansa ba ta kamawa, magana sai ta bakina take bi. Na isar mata. Ta ce, "Gaya wa mai gidanki mai takaba ba ta yawo."

Wata safiya na shiga da kunu na tarar da ita zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyi, tana jan numfashi kamar wadda ta hau dutse. Leɓɓanta sun yi duhu. Na rasa abin da zan ƙara mata a baya ta jingina, sai na sunkuya na jawo kwallar nan don in ɗora filo a kanta. Tsohuwar kwalla ce ta aurenta, mai jajayen furanni, bakinta duk ya ɓantale. Ina jawo ta sai na ji abu ya yi yayyafi a ciki, sharrr. Na ɗaga murfin.

Fararen ƙwayoyin nan ne, sun rufe gindin kwallar.

Na durƙusa a wurin. Duk ƙarar da nake ji ina godiya ga Allah, safiya bayan safiya, ita ce a gabana.

"Inna," na ce, "me ya sa?"

Sannan ta fara magana, tana yanka ta gutsi-gutsi saboda haki.

"'Yar nan, mutumin nan tun ina da ƙuruciya nake tare da shi. Bai taɓa cin abu a waje bai rago mini ba. Aka ɗauke shi a gabana, aka fita da shi. Kaza in ta rasa ɗanta tana yini tana kewaya gida. Ni ko ɗigo. Kowa ya shigo sai ya ce ƙarfin zuciya, ƙarfin zuciya. Sai na tuna abin da yake faɗa kullum. Ashe ba wasa yake yi ba. Shekara da shekaru yana ɗura mini abin nan, ya mai da mini zuciya dutse." Ta tsaya ta ja iska. "Ba ihu nake so in yi ba, na san babu kyau. Hawaye kawai, irin wanda addini bai hana ba. Ina jin kunyar in je in same shi ban yi masa ko wannan ba. Na ce bari in ajiye, zuciyar ta yi laushi, in yi masa kukansa, sannan in ci gaba da sha."

"To ya zo, Inna? Kukan?"

Ta girgiza kai. "Saura kaɗan. Ina jin sa yana taruwa a nan." Ta dafa ƙirji, daidai inda ruwan yake.

Ni na yi kukan a madadinta. Na kama ƙafafunta masu kumburi na ce ta yi wa Allah ta bari a kai ta asibiti. Ta ce takaba. Maigidana ya ruga wurin limamin unguwarmu, ya dawo ya tsaya daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, yana magana da ni alhali da ita yake: Liman ya ce larura ta halatta mata fita, kuma rai amana ce, ba a wasa da ita. Inna ta ce, "Gaya masa na ji." Aka kira mai Keke Napep. Na rungumo kwallar a cikin hijabina, ban ma san dalilin da ya sa na ɗauko ta ba.

A asibiti aka sa mata iska a hanci, aka yi mata allurar da ta riƙa fitar da ruwan, aka ɗebi jini. Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba, mai sanyin magana. Sai washegari, da numfashin Inna ya ɗan daidaita, ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon. Na buɗe mata kwallar, na ba ta labari tun daga wasan Baba. Ban ga ta yi dariya ba, ban kuma ga ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon ƙwayoyin.

"Inna," ta ce, "kin san famfon tuƙa-tuƙa?"

"Na sani mana. Ni da na girme shi."

"To zuciyar da nake dubawa irinsa ce. Tsoka ce, ga ta nan kamar dunƙulen hannuna. Taki hannun mai tuƙa ta ya gaji, wannan ƙwaya ita ke kama masa. Da kika ajiye ta, ba a ranar abin zai nuna ba, a hankali ruwa zai riƙa komawa baya yana taruwa, ƙafa, ciki, har huhu. Abin da kike ji a ƙirji ke nan. Amma wallahi ƙwayar nan ba ta san Malam mijinki ba. Ba ta san so ba, ba ta san rashi ba. Ba ruwanta da hawaye."

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "To in haka ne, me ya hana ni kuka?"

Likitar ta sunkuyar da kai. "Wannan kam ba a koya mana ba, Inna. Ni dai na san da mahaifina ya rasu, sai da shekara ta kusa zagayowa, ina wanke wata hularsa, sannan ya zo mini. Kowa da nasa lokacin."

Inna ta ja carbinta. Can ta nisa ta ce, "To shi ke nan. Miƙo kwallar, 'yar nan. Tunda na tsallake su kamar mai shan azumi, sai in fara ramuwa. Bibbiyu ko uku-uku, kafin takaba ta fita na biya."

Ban taɓa ganin mutum ya miƙe da sauri kamar likitar nan ba. Ta fizge kwallar ta rungume. "A'a! Inna, a'a! Wannan ba shi da ramuwa. Abin da ya wuce ya wuce. In ya yi yawa a jiki guba ne, ya fi rashin shan haɗari." Ta juyo gare ni ta ce ko da wasa kada a ƙara, kada a rage, kada a tsayar, sai an zo an gaya musu. Ta ce akwai waɗanda likita da kansa yake cire musu shi in ya duba ya ga ya dace, amma ana yi ana sa ido, ba a ɗaki ba cikin kwalla.

"Ibada ba ramuwa," in ji Inna. "Wannan addinin likitoci da sauƙi yake."

Ranar ce na fara jin dariyarta tun rasuwar Baba. Ta yarda za ta sha, amma sai da ta nuna ni da yatsa ta ce, "In kukan bai zo ba har na mutu, ke za ki yi wa Malam bayani." Na ce na ɗauka.

Muka dawo gida. Kumburin ya saɓe a hankali, tudun filo ya ragu, takalmi ya koma shiga. Na sauko da kwalbar zumar daga inda na ɗaga ta, na ce, "Inna, yadda Baba yake yi za mu riƙa yi." Ba ta musa ba. Kowace safiya in ɗora mata ƙwayar a tafin hannu, in tsaya har ta haɗiye, takwararta kuma ta laƙato zumar, don ta ce aikinta ne. Maganar da Baba yake yi ce kawai ba wanda ya ƙara yi. Ƙarar nan ta safe ta ɗauke. Amma in faɗi gaskiya, hankalina bai kwanta ba, don ina ganin yadda Inna take duba idonta a madubin 'yar jikarta, kamar mai duba sama ko hadari ya haɗu. Na san in abin ya daɗe bai zo ba, wata rana za ta sake gwada dabararta. Na riƙa sa ta a addu'a, ina roƙon abin da ban taɓa zaton zan roƙa wa mutum ba: Allah ka ba Inna kuka.

Takaba ta fita, damina ta ja baya, dawa ta fara sunkuyar da kai. Wata safiya wuta ta ƙi kama mini, sai na ba Inna ƙwayar, na ga ta haɗiye, na bar su da zumar na koma madafi. Ina fifita sai na ji wata ƙara ta tagar nan. Ba irin ta da ba ce. Cokali ne ke karce gindin kwalba, ƙar, ƙar, yana nema bai samu ba. Na ji muryar yarinyar tana cewa, "Takwara, ta ƙare. Sai Baba Tsoho ya ɗebo wata." Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na ajiye mafici.

Inna ta rayu shekaru masu dama bayan wannan, ta ga yayen ƙannen takwararta biyu, kuma ba ta ƙara tsallake maganinta ba har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Baba, ya haɗa su a inuwar da ta fi ta ɗorawa. Kwallar tana wurina. Wani lokaci in na dube ta sai in yi mamakin yadda sunanta da na abin da Inna ke nema suka kusa zama ɗaya, kwalla da ƙwalla, ɗan lanƙwasa harshe ne kawai tsakaninsu.

Abin da na koya shi ne, magani irin wannan ba a ajiye shi don an ga dama, ko don an ji sauƙi, ko don wani dalili da mutum ya ƙulla shi kaɗai a ransa, komai kyan dalilin. A je a tambaya. Na kuma koyi cewa tsoho in ya yi abin da ba a gane ba, a zauna a ji ta bakinsa, don sau da yawa kalma ɗaya ce muka faɗa da wata manufa, shi kuma ya ɗauke ta da wata. Tun daga lokacin ban ƙara shiga gidan rasuwa na yabi kowa da ƙarfin zuciya ba. Ina dai cewa Allah ya ba da haƙuri, in nemi wuri in zauna.

Amma ba ni na fara gane abin ba. A safiyar nan da zumar ta ƙare, ina tsaye a madafi ban san ko in shiga ko in bari ba, sai ga 'yata ta fito a hankali, tana taka ƙasa kamar mai tsoron tayar da barci, cokalin yana hannunta. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, ba kuma da nata hawayen ba. Ta ja ni ta zane har sai da na sunkuyo, ta sa baki a kunnena.

"Umma, kada ki shiga tukuna. Takwara ta sha maganinta kuma tana kuka. Ashe zuciya biyu gare ta. Ta likita tana nan lafiya lau. Ta Baba Tsoho ce take zuba."